Murfi Mai Lamba Ashirin da Bakwai

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe goma na safe

An rufe cibiyar wasannin yara. Jiya da rana mutum biyu daga kwamitin gari suka zo suka ɗora nasu kwaɗon a kan na maigidana, suka manna takarda a ƙofa cewa an dakatar da duk wasannin yara har sai an gama bincike. Daga tagar kicin ina hango kwaɗon biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Shekara shida yana riƙe da wurin nan. Yara ba sa ce masa komai sai Koci, har ni ma bakina ya kama. Kyauta ake zuwa. Lokacin makaranta daga ƙarfe uku zuwa shida, in an yi dogon hutu kuwa tun safe har yamma. Ƙwallo, ƙwallon tebur, tsallen igiya, zane, da ɗan karatun labari da nake yi wa 'yan mata Talata da Alhamis tun da muka yi aure, wata takwas ke nan. Hutun bana mako ɗaya kacal muka samu.

Yarinyar da aka samu a sito tana asibiti. An ce ta farka, ta sha ruwa.

Ba zan rubuta ranar Alhamis ba.

Lahadi, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Gwangwanin yana gidan nan, a ƙarƙashin kujerar falo. Tun ranar Juma'a Koci ya shigo da shi.

Shi ya ƙirƙiro tsarin, kuma yana alfahari da shi fiye da yadda yake alfahari da kofunan da ke ofishinsa. Ya ce ƙananan yara ba su iya sa hannu a takarda ba, manya kuma ƙarya suke yi a madadin juna. Sai ya tara murafan kwalba guda sittin, ya rubuta wa kowanne lamba a ciki da baƙin alƙalamin nan mai tawadar da ba ta fita. Kowane yaro da lambarsa. In ya shigo ya ɗauki nasa ya sa a aljihu, in zai tafi ya jefa a gwangwani. Ƙarfe shida mai tsaron ƙofa ta juye su a faranti ta jera goma goma. In sittin sun cika, kowa ya fita, sai a kulle. Doka ɗaya ce: in murfi ya ɓata, ba a rubuta sabo sai Koci ya ga mai shi da idonsa.

Ranar Juma'a ya juye su a kan tabarma, ya jera, sittin cif. Ya ɗauki guda ɗaya ya daɗe yana kallon cikinsa. Ina bakin ƙofa riƙe da kofin shayinsa. Ya sa murfin a aljihu, ya karɓi shayin, ya ce na gode.

Bai saba ce mini na gode a kan shayi ba.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yaran sun zo duk da haka. Na ƙirga goma sha tara a bakin ƙofar, har da masu ƙwallo a hammata. Manyan suna karanta wa ƙanana takardar. Baba mai shara ya fito ya ce su tafi gida, suka matsa taku biyar suka zauna a gindin katanga.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Har yanzu suna nan.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta zo duba mu. Tun kafin ta cire takalmi ta fara. Wai duk gari maganar ake yi, wai ana cewa Koci ya kulle 'yar mutane a sito ya tafi gida ya ci ya ƙoshi. Na ce ba haka ba ne. Ta ce to yaya ne? Na tashi na ɗora ruwa.

Da na dawo na tarar tana juya littafin da ke kan hannun kujera.

"Har yanzu wannan? Ke da kike cinye guda a yini ɗaya? Ko jarumin ne ya mutu kike masa takaba?"

Na ce kaina ke ciwo. Ta ce dama ta sha faɗa mini, ni da littattafan nan, wata rana gida zai kama da wuta ina shafi na ɗari ina jiran a ɗaura aure. Ta yi dariya, ni ma na yi. Shafi na ɗari da goma sha biyu nake. Saura shafi tara. Takardar da na sa alama tana nan inda na bar ta ranar da ba zan rubuta ba.

Sai da za ta tafi ta kama hannuna ta ce, "Wannan baƙin na babban yatsanki fa?" Na ce gawayi ne. Ba ma girki da gawayi, kuma ta sani.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

An sallami yarinyar. Mage ake ce mata a cibiya, don duk inda ta samu sai ta naɗe ta yi barci: ƙarƙashin teburin ƙwallo, cikin ragar gola, sau ɗaya ma a kan ƙafata ina tsakiyar labari. Shekararta bakwai. Uwarta mai ɗinki ce a layin bayan kasuwa, ita kaɗai ke riƙe da ita, shi ya sa take kawo ta tun safe.

Baba mai shara ne ya same ta da ya buɗe sito ranar Juma'a. Ya ce tana bayan katifun tsalle, muryarta ta dushe gaba ɗaya, ta jiƙa kayanta, jikinta zafi rau. Hannunta ɗaya a dunƙule, har aka kai ta asibiti ba ta yarda an buɗe ba. Bai faɗa mini abin da ke ciki ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya ce yanzu ba ta yarda a rufe ƙofa, ko ta banɗaki.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mako ɗaya. Daidai yanzu.

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe uku na rana

Kwamiti ya kira Koci. Ya sa farar rigar da ya sa ranar da ya fara zuwa gidanmu. A lokacin na ga ya yi daidai da mazan da ke cikin littattafaina, dogo, mai kunya, ba ya yawan magana. Ban san rashin yawan maganar nan yana da nauyi haka ba.

Ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba. Na tambaye shi me suka ce. Ya ce sun tambayi wa ya ƙirga, tun da Malamar ƙofa ta haihu tana hutu.

"Me ka ce?"

"Na ce ni na ƙirga, ni na kulle. Na yi kuskure wajen jerawa."

Ya ce za su yanke hukunci ranar Laraba ta sama, ashirin da huɗu ga wata. Ko su mayar da shi, ko su cire shi, ko su rufe wurin gaba ɗaya. Shugaban kwamitin ya ce dama shi tun farko bai ga hikimar tsare 'ya'yan mutane da murfin kwalba ba.

A littafi da yanzu matar ta zube a gabansa tana kuka, shi kuma ya ɗago ta ya share mata hawaye, a tashi babi. Ni tambayarsa na yi ko in zuba masa abinci.

Asabar, 13 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wanki. Murfin yana cikin aljihun baƙin wandonsa. Ban buɗe hannu na duba ba, na san shi a taɓi. Na mayar da shi aljihun wandon da ke rataye.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau goma sha ɗaya ne a gindin katanga. Sauran sun koma buga ƙwallo a bakin babban titi, inda motoci ke juyawa. Koci ya gani ta taga, ya ɗauki usur ɗinsa ya kai har bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo ya rataye shi. An ce kada ya kusanci yara sai an gama.

'Yan matan karatuna uku suka ƙwanƙwasa. Wai Anti ki ƙarasa mana labarin, mun tsaya inda 'yar sarki ta hau jirgi. Na ce ba ni da lafiya. Ƙaramar cikinsu ta ce ai ba da ƙafa ake karatu ba, in zauna kawai. Na ba su ruwan sanyi na sallame su.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yatsana ya wanke. Na fi son lokacin da yake da baƙin.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je layin bayan kasuwa. Na ɗauki yadi a jaka don in ce ɗinki na kawo. Shagon a buɗe, an tokare ƙofar da dutse. Mage tana zaune a kan dokin ƙofa, rabi ciki rabi waje, tana tsinto zare daga ƙasa. Uwar tana taka keke kanta a sunkuye.

Na wuce. Na zagayo ta wajen masu kayan miya na sake wucewa. Na sayi allurar da ba na buƙata a wani shagon, na dawo gida.

Tun a hanya nake tsara abin da zan ce, kalma bayan kalma, har da inda zan yi shiru. Ya yi kyau ƙwarai a kaina. Komai yana yin kyau a kaina.

Alhamis, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Abin da ya fi tsaya mini ba siton ba ne. Zuwan uwar ne.

Ta zo gidan nan ranar, rana ta kusa faɗuwa, da zare a jikin zaninta. Ta ce Mage ba ta dawo ba. Koci ya fita ya same ta. Ya ce mata, cikin natsuwarsa ɗin nan da ke sa kowa ya yarda, murafu sun cika sittin, yarinya ta fita, a duba gidajen ƙawayenta. Ya ɗauki fitila ya bi ta. Suka duba kasuwa, suka duba magudanar ruwa, suka duba tashar mota. Ko'ina aka duba ban da wurin da makullinsa ke rataye a bayan ƙofar ɗakinmu, domin murafu sun cika.

Labulen falo shuɗi ne, mai furanni. Furanni goma sha huɗu ne a layin da ke daidai idona.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wanki. Yau a aljihun farar riga yake. Ba ya jefar da shi, ba ya ɓoye shi, ba ya nuna mini. Na buɗe hannu na duba. Koci yana rubuta bakwai a miƙe, kamar sanda mai kai. Ni tun ina firamare nake yi mata ɗamara a tsakiya.

Lahadi, 21 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Inna, mahaifiyarsa, ta zo. Ta ce ɗanta ya rame, in riƙa kula da cikinsa. Ta ce ita ta haife shi, ta san ko tsinken ashana ya ƙirga ba ya kuskure, akwai dai wanda ya yi masa hannu a cikin abin nan, kuma Allah zai tona shi. Ta ce in ce amin. Na ce amin.

Da za ta tafi ta dafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka, ba kowace yarinya ce za ta tsaya da miji a irin wannan hali ba.

Talata, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gobe ne. Zan rubuta, ko da sau ɗaya.

Ni ce a ƙofa ranar Alhamis. Koci yana fili yana raba faɗan manyan yara, ya ce in riƙe masa gwangwani. Ina riƙe da shi a cinya, littafi a kansa. Ƙarfe shida na juye na jera, hamsin da tara. Babu ashirin da bakwai. Na leƙa zaure, na leƙa ɗakin zane, na kira sunanta sau biyu, ba da ƙarfi ba. Na ce a raina ai yara kullum suna tafiya gida da murfi a aljihu. Na ce in na gaya wa Koci sai mun zagaye gini duka, sai mun je har gidansu. Saura shafi tara, kuma a shafin nan ne za a san ko jarumin zai dawo wa masoyiyarsa. Na jawo durowa, na ɗauki sabon murfi da alƙalami. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Koci ya leƙo ya ce sun cika? Na ce sun cika.

Ko shafin ban ƙarasa ba. Ina buɗe littafin a gida uwar ta yi sallama.

Yau na same shi yana goge usur da gefen riga. Na ce gobe zan bi shi, zan gaya musu.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ki gaya musu me? Cewa na bar wadda ba ma'aikaciya ba a kan ƙofa, sannan na yi musu ƙarya mako biyu? Yanzu mutum ɗaya ne ya yi kuskure, sai su cire shi su sa wani. In kika je, wurin ne ya zama na banza, sai su rufe shi. Yaran nan su ƙare hutu a bakin titi."

Na ce to ni in yi yaya.

"Ki zauna."

Na ce ko zagina ne ya yi, ko tsawa. Ya ce ya gwada a ransa, bai ga abin da zai gyara ba. Sai ya ce abu ɗaya kawai yake so ya sani, kuma kada in yi masa kwana-kwana: lokacin da matar nan ta zo, na tuna?

Na ce na tuna.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da goge usur ɗin.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sun cire shi. Za a buɗe ranar Litinin da wani malamin motsa jiki daga makarantar sakandare, da babban littafin rajista, iyaye su riƙa sa hannu. Ya miƙa makulli. Ya ce ba laifi, tun da za a buɗe.

Alhamis, 25 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Ya fita neman aiki. Na share falo sau biyu.

Asabar, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sun zo da hantsi, mai ɗinki da Mage. Koci ba ya nan. Na yi musu shimfiɗa, Mage ta ƙi shigowa sai da na ɗage labule na ɗaure shi, na bar ƙofa a wangale.

Uwar ta ce in yi haƙuri da zuwan ba zata, yarinyar ce ta hana ta sakat kwana uku. Ta ce ita ba ta riƙe Koci a zuciya ba, kowa na kuskure, kuma shekara biyu yana tsare mata 'ya tana neman abinci. Ta ce, "Ba ta abin, mu tafi."

Mage ta matso ta buɗe hannu. Murfin ya lanƙwashe saboda riƙo. Bakwai ɗin a miƙe take, babu ɗamara.

Muryarta ba ta gama dawowa ba, sai da na sunkuya. Ta ce, "Anti, ban jefa nawa ba. Barci na yi. Ki ba Koci ya sa a gwangwani, sai ya cika, sai a bar shi ya dawo."

Duk abin da na tsara a hanyar kasuwa babu ko kalma ɗaya da ta zo. Na ce, "Ba ke ba ce. Ke daidai kika yi, kina ciki, murfinki yana hannunki. Ni na ga babu naki, na rubuta wani na jefa. Ba Koci ba ne. Ni ce."

Mage ba ta gane ba, ta ci gaba da miƙo hannu. Uwar ta gane. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kalli labulen da na ɗaure.

"Ranar da na zo nan, kina ciki?"

"Ina ciki."

"Kina jina?"

"Ina jinki."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kama hannun 'yarta. Ba ta zage ni ba. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Har cikin magudanar ruwa na shiga da ƙafata."

Mage ta ajiye murfin a kan hannun kujera, a kan littafin, don kada su tafi da shi.

Lahadi, 28 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na gaya wa Koci na faɗa mata. Ya tambaya ko za ta kai wa kwamiti. Na ce ban sani ba. Ya ce haƙƙinta ne. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗayan, ya ajiye shi kusa da na Mage, ya ce in ba shi shayi.

Litinin, 29 ga wata, ƙarfe goma na safe

An buɗe. Ba ta kai ba, ko ba ta kai ba tukuna. Daga kicin ina jin ihunsu da ƙarar ƙwallo a jikin katanga, da usur ɗin wani. Koci ya rufe tagar falo, can kuma ya tashi ya buɗe.

Na tsaya ina kallon layin masu sa hannu har ya ƙare. Babu mai ɗinki, babu Mage.

Murafan biyu suna nan a kan littafin. Ban ɗaga su ba, don haka ban buɗe shi ba.